Jan Tauraron da ke Bisa Kanmu a Lokacin Ɗari

(Kiɗan buɗe shiri)

   Shirinmu na yau ba na zaman ɗaki ba ne. Duk wanda rediyonsa na hannu ne, ko yake saurarenmu ta waya, ya yafa bargo ya fito tsakar gida, domin abin da za mu tattauna a kai yana nan bisa kanmu yanzu haka, kuma ganinsa ba ya bukatar wata na'ura.

Ka fuskanci alƙibla kamar za ka ta da salla, ka ɗan karkata dama, sannan ka ɗaga kai. A irin wannan lokaci na watan Janairu, bayan isha'i, za ka ga taurari 3 a jere, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya ce, haskensu ma kusan ɗaya. Babu wasu irinsu a duk sararin sama, don haka ba za su ɓace maka ba. Su ne tsakiyar gungun da Larabawa ke kira Jauza'u, Turawa kuma Orayon. To, miƙe hannunka ka dunƙule shi. Daga taurarin nan 3, faɗin dunƙule ɗaya zuwa dama, akwai wani fari fat mai ɗan shuɗi, shi ne Rijlu. Faɗin dunƙule ɗaya zuwa hagu, ɗan ƙasa kaɗan, akwai wani mai haske kamarsa, amma launinsa daban: ja ne mai sirkin ruwan goro. Shi ne baƙonmu na yau. A littattafan Larabci sunansa Yadul Jauza'i, a na zamani kuma Bitaljus.

Kada ka yi saurin komawa ɗaki. Dubi wannan, ka dubi wancan, ka sake dubawa. Idon da bai saba ba yakan ce ai taurari duk farare ne, sai an haɗa masa biyu gefe da gefe sannan ya yarda akwai bambanci.

Mu a nan Katsina mun yi dace wajen kallon wannan tauraro. Garinmu yana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi kuma Bitaljus yana bin hanyar da ke digiri 7 da ɗoriya arewa da tsakiyar sama. Saboda haka idan ya kai ƙololuwarsa, kusan a tsakar ka yake tsayawa, digiri 6 kacal ya rage, ta ɓangaren kudu. Mutumin Landan ba ya taɓa samunsa haka. A can ko rabin hanya zuwa tsakar ka da ƙyar yake kaiwa. A ƙarshen Disamba yakan kai tsakar ka wajen ƙarfe 12 na dare, a tsakiyar Fabrairu wajen ƙarfe 9. Kullum yana riga jiya fitowa da kusan minti 4, har zuwa Afrilu a riƙa ganinsa ta yamma bayan magariba, ƙarshen Mayu kuma ya shige hasken rana ya ɓace. Ba za a sake ganinsa ba sai ƙarshen Yuli zuwa Agusta, a gabas, ga masu fita sallar asuba.

To me ya sa ya yi ja? A nan ne mutane da yawa ke juya abin. Mun saba ɗaukar ja alamar tsananin zafi, amma je maƙera ka tsaya ka ga yadda ƙarfe ke yi a wuta. Da farko baƙi ne. Ana zuga, sai ya yi ja mai duhu. Aka ƙara zuga, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, idan wuta ta kai matuƙa ya yi fari har ido ba ya son kallonsa. Kowane maƙeri ya san jan ƙarfe shi ne wanda bai gama ɗaukar zafi ba. Haka taurari suke. Zafin fuskar Bitaljus wajen digiri 3,300 ne kacal a ma'aunin Salshiyos. Na ranarmu ya kai 5,500. Na Rijlu, farin nan na dama, ya haura 11,000. Wato idonka kaɗai, daga tsakar gida, ya riga ya gaya maka wanne ya fi wani zafi.

Sai wata tambayar ta taso. Idan bai kai rana zafi ba, kuma yana da nisa, yaya aka yi yake cikin taurari goma da suka fi haske a dare? Amsar ita ce girma. Faɗinsa ya ninka na rana sau 700 ko fiye. Rana kanta faɗinta kilomita miliyan 1.4 ne, don haka muna maganar abin da ya kai kilomita biliyan 1 daga gefe zuwa gefe. Hasken rana yana iso mu cikin minti 8, amma haske zai yi kusan awa guda kafin ya ratsa wannan tauraro. Da za a ɗauke rana a ajiye shi a gurbinta, da duniyarmu da duniyar Mirrihu da duk hanyoyin da suke bi suna can cikin cikinsa. Fuska mai wannan faɗi, ko da zafinta bai kai ba, hasken da take fitarwa ya ninka na rana wajen sau 100,000. Irin waɗannan su masana ke kira jajayen ƙattin taurari, kuma ba su da yawa.

Nisansa kuwa, masana suna sa shi tsakanin shekarar haske 500 da 700. Shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9 da rabi. Abin da ya hana a tsayar da adadi ɗaya shi ne tauraron ya cika haske ga na'urorin da aka ƙera don wannan awo, sannan fuskarsa ba ta zama wuri ɗaya, tana tafasa, wani gefe ya yi haske yau, gobe wani. Ko ma wanne adadi aka ɗauka, hasken da ke shiga idonka daren nan ya baro can ne wajen zamanin Sarki Muhammadu Korau, lokacin da Musulunci ke kafuwa a fadar Katsina.

Girman nan nasa ba na ƙuruciya ba ne, kumburin tsufa ne. Kowane tauraro yana rayuwa ne a kan wani rikici da ke cikinsa: nauyinsa yana danne shi zuwa ciki, wutar da ke tsakiyarsa tana tura shi waje. Wutar nan ba irin ta itace ba ce. Matsi da zafi ne ke haɗe ƙwayoyin iskar haidurojin su zama hiliyam, a wajen haɗuwar sai makamashi ya fita. Rana ta shekara biliyan 4.6 tana wannan aiki a hankali, kuma tana da sauran kusan biliyan 5. Bitaljus kuwa nauyinsa ya ninka na rana sau 15 zuwa 20, matsin da ke tsakiyarsa ya fi tsanani nesa ba kusa ba, sai ya cinye abincinsa da gaggawa. Shekarunsa wajen miliyan 10 ne kacal, amma har ya ƙarar da haidurojin ɗin tsakiyarsa. Da hakan ta faru, tsakiyar ta tsuke ta ƙara zafi, ɓawon waje ya kumbura ya bazu, da ya bazu sai ya huce, da ya huce sai ya yi ja. A ƙuruciyarsa shi ma fari ne mai shuɗi kamar Rijlu.

Akwai ma alamar cewa jan nasa bai daɗe ba. Masanin tarihin ƙasar Sin, Sima Ciyan, wanda ya rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da yake bayanin launin taurari, ya sa wannan a cikin masu launin rawaya. Wasu masana da suka bi tsofaffin rubuce-rubuce a 2022 suna ganin ba kuskure ya yi ba, tauraron ne ya sauya cikin shekara 2,000 ɗin nan.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan jan tauraron nan da ke gabas a daren ɗari. Kafin mu ci gaba da shi, bari mu gabatar da ɗan'uwansa, domin shi manomanmu sun fi sanin sunansa ko da ba su taɓa nuna shi da yatsa ba.

Duk wanda ya zauna da malaman zaure ko dattawan manoma ya ji lissafin taurari 28, masaukan wata, waɗanda aka raba wa bazara da damina da kaka da ɗari, bakwai-bakwai. Kowanne kwana 13 ne, ban da Jabha mai 14, shi ya cika 365. Damina tana buɗewa da Haƙ'a, sai Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Haƙ'ar nan ba wani wuri take ba, 'yan ƙananan taurari ne a kan Jauza'u, maƙwabtan Bitaljus na kusa. Kaka kuma tana farawa da Sarfa ta rufe da Ƙalbu. To Ƙalbun nan, wato zuciyar gungun Kunama, wanda littattafan zamani ke kira Antaris, shi ma jan ƙaton tauraro ne irin Bitaljus sak: faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 700, nisansa wajen shekarar haske 550, shi ma ya tsufa.

Sai dai kada wani ya ji an ce an shiga Ƙalbu a watan Nuwamba ya fita nemansa da dare. Ba zai gan shi ba. A lokacin da lissafi ya zo kan tauraro, rana tana kusa da shi, haskenta ya rufe shi. Lokacin ganin Ƙalbu da dare shi ne damina. A watan Yuli wajen ƙarfe 9, ka fuskanci kudu, za ka gan shi ya ɗan wuce rabin hanya zuwa tsakar ka, da ƙananan taurari biyu sun sa shi a tsakiya, ga wutsiyar Kunama ta lanƙwasa ƙasa. Daren da aka yi ruwa da yamma, hadari ya washe, babu ƙura ko kaɗan, a nan ne jan nasa ke fita sosai. Su biyun nan ba sa haɗuwa a tsakiyar sama. Idan ɗaya yana sarauta, ɗayan yana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa a Katsina kusan duk shekara muna da jan ƙato guda da za mu kalla, na ɗari da na damina.

Akwai wasu jajaye biyu da ke rikita mutane. Na farko Dabaran. Idan ka bi layin taurarin nan 3 zuwa sama, za ka same shi kafin ka kai ga Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Shi ma ja-ja ne, shi ma ya tsufa, amma ba sa'an waɗancan ba ne: faɗinsa sau 44 ne na rana, kusancinsa ne ya sa yake haske, shekarar haske 65 kawai. Na biyu Mirrihu, wadda ba tauraro ba ce, duniya ce irin tamu, hasken rana take mayarwa. Ana gane ta da abu biyu: ba ta ƙyaftawa sosai, kuma ba ta zama wuri ɗaya, wata da wata tana sauya maƙwabta.

Na san akwai mai cewa a ransa, malam, wannan ba shiga hurumin 'yan duba ba ne? A raba su. Sanin inda tauraro yake, yaushe yake fitowa, me ya ƙunsa, don gane lokaci da alƙibla da hanya da shigar damina, ilmi ne da malamanmu suka karanta suka karantar. Cewa tauraro kaza ne ke kawo arziki ko mutuwar wani babba, wannan wata magana ce daban, kuma ba ita muke yi ba. Garin nan ba baƙo ba ne a fagen. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatunsa a ƙasar nan kafin ya tafi aikin hajji, ya shahara a Alƙahira a kan lissafi da ilmin taurari, har ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimin lambobi, irin wanda kowane layi jimillarsa ɗaya. Ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Gaskiya ne rubuce-rubucensa sun haɗa da ɗalasimai, kamar yadda aka saba a zamaninsa. Amma lissafin da ke ciki lissafi ne na ƙwarai, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaro zai gama sakandare a garin da hasumiyar Gobarau take, bai iya nuna tauraro ko ɗaya da sunansa ba, alhali kakansa da bai shiga aji ba yana sanin shigar Ɗarfa.

Mu koma kan Bitaljus, domin akwai halinsa da ya fi komai jan hankalina: ba ya zama a kan haske ɗaya. Yawancin taurari yadda ka gan su bana haka za ka gan su baɗi. Shi kuwa yana kumbura yana tsukewa, haskensa yana hawa yana sauka, zagaye ɗaya wajen kwana 400, da wani zagayen mai tsawo na kusan shekara 6. Masanin Ingila Jon Hashal ya lura da haka tun 1836, da ido kawai, ta hanyar gwada shi da maƙwabtansa. Shi ne kuma tauraro na farko, ban da rana, da aka auna faɗinsa: Maikelson da Fis suka yi wannan a watan Disambar 1920, a dutsen Wilson da ke Kalifoniya ta Amurka.

Sai ga abin da ya faru a ƙarshen 2019. Daga watan Oktoba haskensa ya fara raguwa, wanda ba sabon abu ba ne. Amma ya ci gaba da raguwa, Disamba ta wuce, Janairu ta wuce, har zuwa tsakiyar Fabrairun 2020 ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da aka san shi da shi. Tun da aka fara auna shi da na'ura ba a taɓa ganin ya dushe haka ba. Ya fita daga cikin goman farko, ya fita daga ashirin. Wanda ya san Jauza'u, da ya ɗaga kai zai ga siffar gungun ta sauya. Intanet ta ɗauka, ana ta cewa ai fashewa zai yi. Bai fashe ba. Kafin ƙarshen Afrilu ya dawo yadda yake.

Bayanin ya fito ne daga baya. Babban madubin hangen nesa na Turai da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile ya ɗauki hoton fuskar tauraron kafin abin da kuma lokacinsa, aka ga rabinsa na kudu ne ya yi duhu, ba dukansa ba. Madubin Habul da ke shawagi a sama kuma ya riga ya hango wata iska mai zafi tana fita daga wannan ɓangare watanni kafin nan. Da aka haɗa, sai aka gane tauraron ne ya yi aman wani gungumen iska daga jikinsa. Wani yanki na fuskarsa ya ɗan huce, iskar nan da ta yi nisa ta daskare ta zama ƙura, ƙurar ta tsaya tsakaninmu da shi. An buga wannan sakamako a watan Yunin 2021. Wato abin da aka kalla a watannin nan, tsohon tauraro ne yana zubar da jikinsa, kuma da irin wannan ƙura ake gina sababbin taurari da duniyoyi.

Lokacin da wannan ke faruwa, mu a nan muna tsakiyar hazo. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe gari, rana ma da ƙyar take fitowa. Duk Bakatsinen da ya lura tauraron ya dushe a Janairun 2020, zai ce ai hazo ne, kuma ba za a ga laifinsa ba. To yaya za a bambance ƙurar Cadi da ƙurar da ke can nisan shekarar haske ɗaruruwa? Hanyar mai sauƙi ce, ita ce dai ta Jon Hashal. Hazo ba ya zaɓe. Idan ya rage hasken wannan, ya rage na maƙwabcinsa. Saboda haka ba a tambayar ko tauraron yana da haske yau. Ana tambayar ya fi wane, bai kai wane ba.

Ga ma'aunanka guda 3, duk suna kusa da shi. Rijlu shi ne na sama wajen haske. Dabaran na tsakiya. Na ƙasa kuma shi ne Balatiris, ɗaya kafaɗar Jauza'u, wanda ke saman Bitaljus idan gungun yana gabas. A yawancin lokaci Bitaljus yana tsakanin Rijlu da Dabaran. Idan ya yi ƙarfi yakan yi kafaɗa da Rijlu, kamar yadda ya yi a 2023. A Fabrairun 2020 kuwa sai da ya sauko ya yi daidai da Balatiris. Ka jira sai gungun ya hau sama sosai, domin kusa da ƙasa ƙura da hayaƙi sun fi kauri, kuma suna cutar wanda ya fi ƙasa. Kada ka ƙura masa ido. Jan haske yana da wata dabi'a, idan ka daɗe kana kallonsa sai ya yi kamar yana ƙaruwa. Kallo ɗaya nan, kallo ɗaya can, ka yanke hukunci. Ka samu ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, da lokaci, da yanayin sama, da abin da ka gani. Sau ɗaya a mako ya isa. Daga Satumba zuwa Afrilu za ka tara abin da zai nuna maka da hannunka cewa tauraron yana numfashi.

Kada a raina wannan aiki. Akwai ƙungiya a Amurka, AAVSO, da aka kafa tun 1911, aikinta tattara irin wannan awo daga mutanen da ba sana'arsu ke nan ba, daga kowace ƙasa, kuma manyan masana suna dogara da abin da ta tara. Malaman kimiyya na makarantunmu, musamman na kwana, ga aikin aji da ba ya cin ko sisi. Mu da muke fita duban jinjirin wata duk ƙarshen Sha'aban da Ramadan, ɗaga kai sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wata baiwar Allah ta aiko tana tambaya ko sai an fita bayan gari ake ganinsa. A'a, Hajiya. Da halin da ake ciki na tsaro, ba na ba kowa shawarar ya kama hanyar daji da dare don kallon taurari. Wannan tauraro yana da hasken da ko a shataletalen Ƙofar Ƙaura, da fitilunsa da motocinsa, za a gan shi, ko da farin wata ne. Tsakar gida ta isa, ko saman soro. Ki dai juya wa fitilar sola baya, ki ajiye waya, ki ba idonki minti 10 ya saba da duhu. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa, to an yi miki gata ba a sani ba. A kira yara su ma su gani, su suka fi mu kaifin ido.

Saura babbar tambaya: ƙarshensa fa? Yanzu, a ganin yawancin masana, yana ƙona hiliyam ne yana mai da shi kabon da oksijin. Idan wannan ya ƙare zai koma ƙona kabon, sannan abin da ya fi shi nauyi, kowane mataki ya fi na baya gajarta, har na ƙarshe ya zama na 'yan kwanaki. A nan ne tsakiyarsa za ta zama ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya ba da makamashi idan an matse shi. Wutar da ke riƙe da nauyin ta mutu ke nan. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya tsakiyar za ta rufta, sauran jikin ya tarwatse da wata irin fashewa da ake kira sufanoba. Daga nan Katsina za a ga ɗigon haske da ya kai na rabin wata, a gan shi da rana tsaka na tsawon makonni, da dare har inuwa zai yi. Bayan shekara ɗaya ko biyu ya dushe, Jauza'u ta rasa kafaɗa ɗaya.

Mutane sun taɓa ganin irin wannan. A shekarar 1006, likitan Masar Ali ɗan Ridwan ya ga wani sabon tauraro mai tsananin haske ta kudu, ya rubuta bayaninsa. A 1054 masana ƙasar Sin sun rubuta wani da aka yi kwana 23 ana ganinsa da rana, kuma gizagizan da ya bari suna nan har yau, ba nisa da inda muke kallo. Na ƙarshe da aka gani da ido a cikin babban gungun taurarin da ranarmu take ciki shi ne na 1604. An ga wani a 1987, amma a wani ƙaramin gungu na maƙwabta ya faru.

Yaushe na Bitaljus zai zo? Lissafin da aka fi yarda da shi ya ce cikin shekara 100,000 masu zuwa. A rayuwar tauraro wannan gobe ne, a tamu kuwa ba abin da za a zauna jira ba ne. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ranar kaza zai fashe, ƙarya yake yi, babu masanin da ya san rana ko shekara. Haka nan mai cewa zai ƙone duniya. Kafin irin wannan fashewa ta yi wa iskar da ke kāre mu illa, sai tana kusa da mu sau da yawa fiye da haka; nisan da yake ya wadatar. Idan abin ya zo, na'urorin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da wasu ƙasashe, masu kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, su za su fara ji, sa'o'i kafin hasken ya bayyana, kamar yadda suka kama na 1987.

Wani labarin kuma shi ne, a watan Yulin 2025 masu bincike da suka yi aiki da madubin Jemini da ke Hawayi sun sanar da ganin wani ɗan ƙaramin tauraro yana zagaya Bitaljus kurkusa, wanda ake zaton shi ne ke haddasa zagayen nan na shekara 6. Ana sa ran sake hango shi sosai a watan Nuwambar 2027, lokacin da zai fi nisanta daga jikin babban. Shi wannan ba a ganinsa da ido, kada a wahalar da kai.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, musamman dattawa da suka san sunayen da ake kiran taurarin nan 3 na jere a garuruwansu, muna son ji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko Zara da Gamzaki, mu ga dalilin da ya sa ba a saba ganinsu su biyun a dare ɗaya ba. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)